Rage Ƙiba Ba Tare da Azabtar da Kai Ba

 Mai wuni zaune a bakin kaya, shayi da jabana na zagayawa, ƙiba kan shige shi bai ankara ba, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya.

Kada ku hori kanku da yunwa. Mai zuba cokali uku na sukari ya koma biyu, bayan wata guda ya koma ɗaya. Ku rage asida, ku ƙara ganye da kuɓewa. Ku yi tattaki na minti 30, kwana 5 a mako.

In kun zarce ranar biki, ban da zargin kai, washegari ku ɗora. Jiki amana ne, a lallaɓa shi. Allah ya ƙara mana lafiya.