Haɗin Wake da Fiya Don Tarbar Baƙi



Girkinmu na yau daga Amurka ya fito, daga jihar Texas mai iyaka da ƙasar Meziko. Har zuwa shekarar 1836 Texas yankin Meziko ce, shi ya sa girkinsu bai rabo da wake da masara da barkono. Suna da wani abinci da ake kira tako, wato faffaɗar wainar masara da ake naɗe nama ko wake a ciki. To kayan cikin takon ne suke jerawa hawa hawa a faranti, sau da yawa har hawa 7, baƙi su riƙa dangwala kafin a sauke babban abinci.

Uwargida, kin san yadda gaba ke faɗuwa in maigida ya ce baƙi na tafe, ga kuɗin cefane bai kai na nama ba. To wannan haɗin babu ko tsoka ɗaya a cikinsa, amma zai fitar da ke kunya.

Ki dafa wake gwangwanin madara 2 har ya yi luguf. Ki soya albasa da tafarnuwa cikin mai cokali 3, ki juye waken, ki sa gishiri da garin barkono, ki dame shi da ludayi ya yi kauri. Ki bar shi ya huce sarai, sannan ki shimfiɗa a faranti mai zurfi. Wannan shi ne hawa na farko.

Na biyu, nunanniyar fiya guda 3, ki murje ta da ruwan lemon tsami 2 da ɗan gishiri. Lemon ne ke hana ta saurin yin baƙi. Na uku, su kirim mai tsami suke sawa, ke kuwa kindirmo ya wadatar. Ki zuba shi a tsabtataccen ƙyalle ruwan ya tsane tukuna. Na huɗu, tumatir da albasa da attaruhu, yankan ƙanana. Ki cire 'ya'yan tumatirin, in ba haka ba farantin zai yi ruwa. Sai latas, sai gogaggen cuku in da hali, ki rufe da lawashi.

Abin dangwalawa fa? Ki kwaɓa garin masara da fulawa daidai wa daida, ki murza ya yi falan falan, ki yayyanka ki soya ya yi ƙaras ƙaras. Gurasa ma in aka gasa ta ta bushe tana yi.

Amma 'yar'uwa, ki ba ni kunnenki nan. Kindirmo da fiya da dafaffen wake ba sa jure zafi. Kada farantin ya wuce awa 2 a waje, in da bazara ne awa 1. In babu firiji, ki haɗa dab da isowar baƙi. Ki wanke latas da tumatir da ruwa mai tsabta, domin ɗanye za a ci. Ki kuma ajiye cokali, kowa ya ɗiba a nasa faranti. Karramawa ce kika yi niyya, kada baƙonki ya kwana da ciwon ciki.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara, a huta lafiya.