Karen Da Numfashi Ya Gagara: Gargaɗi Ga Masu Gyaran Iri

Shugaban taro, iyayenmu hakimai, abokan aikina likitocin dabbobi, shugabannin makiyaya da mahauta da mafarauta na Boɗinga da Shagari.

An ce in yi magana a kan inganta irin dabbobi, na kuma san da yawa sun zo ne su ji labarin shanun waje da yawan madararsu. Zan zo gare su. Amma da kare zan fara, domin abin da wasu jami'anmu ke ɗokin yi wa shanunmu da tumakinmu an riga an yi wa kare a Ingila, sakamakon kuwa yana nan a rubuce.

Karen da ake kira buldog asalinsa ƙaƙƙarfa ne, ana haɗa shi faɗa da bajimin sa. A 1835 majalisar Ingila ta haramta wannan wasa, kare ya rasa aiki, sai masu sha'awa suka mai da shi abin gasar kyau. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, aka shiga rubuta asalin karnuka a littafi, daga baya aka daina yarda da jinin da ba ya cikin littafin. Alƙalan gasa suna son ƙaton kai, da fuska a dakushe, da faffaɗan ƙirji, da siririn ƙugu. Wanda ya fi kowa gajeren hanci shi ke cin gasa, wanda ya ci gasa kuma shi ake kai wa karnuka mata daga ko'ina.

Ƙashin fuska ya gajarce, naman da ke ciki bai ragu ba. Sai ganɗa ta saki ta toshe bakin maƙogwaro, kafafen hanci suka tsuke, fata ta ninke tana tara ƙuraje. Minsharin da mai kare ke ji yana murna, a kunnen likita kukan dabbar da ake shaƙewa ne. Kare kuma ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jiki. Wanda iska ba ta wuce masa da kyau, zafi ne ajalinsa.

Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar buldog sai an yi wa uwar tiyata, don kan ɗan kwikwiyo ya fi ƙarfin ƙugunta. A 2020 masu bincike suka duba bayanan asibitocin dabbobi na ƙasar, suka tarar haɗarin bugun zafi ga buldog ya ninka na karen labrado kusan sau 14. A Ingila fa, ƙasar sanyi. A 2022 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar da jadawalin tsawon rai: buldog na Ingila bai cika shekara 8 ba, ɗan ƙaramin karen nan Jack Russell kuwa yana haura 12. Holan ta fara hana barbarar karnukan da hancinsu bai kai sulusin tsawon kai ba tun 2019. Su da suka ƙera shi suna ja da baya, mu kuma yanzu ne samarinmu masu abin hannu ke saye ta Facebook, suna kawo shi ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. In wuta ta ɗauke da rana tsaka, wannan dabba tana cikin azaba. Addininmu ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, bai yarda a azabtar da shi ba. Mafarautan da ke zaune a nan sun san karensu yana yini a daji da bazara, karyarsu ta haihu a gindin rumbu ba likita. Wane ne ya fi wani kyan iri?

Wasu abokan aikina za su ce wannan matsalar masu kuɗin birni ce, ba ta shafi kiwon abinci ba, domin su da lissafin madara suke zaɓe. To ga lissafin madara.

A 1962 aka haifi wani bajimi a Amurka, cikin shanun Holstin masu baƙi da fari, sunansa Pawnee Farm Arlinda Chief. 'Ya'yansa mata sun yi madara ta ban mamaki, sai aka riƙa ɗibar maniyyinsa ana yi wa shanu allurar barbara. Ya bar 'ya'ya mata wajen 16,000, jikoki mata wajen 500,000, tattaɓa-kunne sama da miliyan 2. Aka wayi gari kusan kashi 14 cikin 100 na jinin Holstin a Amurka nasa ne. Ashe yana ɗauke da wani lahani a ƙwayar halitta. Shi lafiyarsa ƙalau, domin lahanin ba ya bayyana sai ɗan tayi ya gado shi ta wajen uwa da ta wajen uba a tare. Da jikokinsa suka fara haɗuwa da juna, sai ɓari ya yawaita, ba wanda ya san dalili. Sai a 2016 masana suka wallafa ainihin lahanin, suka ƙiyasta cewa ya jawo ɓarin ciki fiye da 500,000 a duniya. Ku lura da kyau: ba jahilai suka yi wannan ba. Suna auna madarar kowace saniya, suna da ɗakunan gwaji, amma shekaru da dama suka shuɗe kafin su gano. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Wani bajimin, Carlin-M Ivanhoe Bell, haka ya watsa lahani biyu masu kashe 'yan maruƙa a ƙasashe da yawa. Masu bincike a Jami'ar Jihar Pensilbaniya sun bi salsalar bajiman Holstin na Amurka ta wajen uba, suka ga kusan dukkansu suna komawa ga bajimai biyu kacal, Chief na ɗaya daga ciki. A 2016 ɗin nan dai, a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, an auna jinin buldog 102, aka ga sun yi kusa da juna har gyara su daga cikin gida zai yi wuya. Cuta ɗaya ce ke damun karen da saniyar: uba ɗaya ya yi wa garke yawa.

Za a ce ribar madarar Chief ta ninka asarar nesa ba kusa ba. Haka ne, ga mai shanu dubu da inshora. Mai shanu biyar a Shagari, ɓari biyu sun isa su durƙusar da shi.

Mu dawo gida. Duk wanda ke shiga kasuwar dabbobi ta Boɗinga gab da Babbar Salla ya san ido ke ciniki: tsayi, da girman kai, da tsawon kunne, da farin gashi. Ba laifi a sayi ragon layya mai kyau. Laifin yana wajen barbara. Mutum ya samu ƙaton ragon Balami, unguwa duka ta riƙa kawo masa tumaki, baɗi ya hau 'ya'yansa, baɗin baɗaɗa ya hau jikokinsa. In 'yan raguna suka fara zuwa da laushin ƙafa ko muƙamuƙi a karkace, ko tunkiya 'Yankasa ta kasa haihuwar ɗan da ya fi ƙarfinta, sai a ce baki ne ko iska. Fulanin da suka riƙe shanun Gudali da Rahaji tun kaka da kakanni sun fi mu sanin wannan, shi ya sa suke kula da asalin bajimi, suna kawo sabon jini daga wani garke. Jar akuyarmu, wadda fatarta ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, ta kai yau ne saboda kowane gida na da bunsurunsa, rani da cuta kuma suna tace wa mutane iri. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a zo a kira wannan kiwo ci baya, a shigo da maniyyi cikin tulun sanyi, ba wanda ya tambayi bajimai nawa ne a ciki, balle a rubuta wace saniya aka yi wa da wanne. Na sha faɗin wannan a tarukan ofis, ana ce mini ina ƙin ci gaba. Ba na ƙin haɗin jini. Cibiyar bincike ta Shika a Zariya ta daɗe tana haɗa shanun waje na Firisiyan da Bunaji, kuma a wurin mai ciyawa da ruwa da inuwa da maganin kaska, rabin jini yana biya. Wuce rabi a wannan rana tamu ne ban yarda da shi ba.

Saboda haka ina roƙon ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su buɗe littafin barbara a kowane asibitin dabbobi, ko da littafin makaranta ne, a rubuta uwa da uba da ranar haihuwa da duk wani lahani. Kada a karɓi maniyyin da ba a san sunan bajiminsa da sakamakon gwajin jininsa ba, kuma Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta duba takardun kafin a raba. Iyayenmu hakimai su taimaka a riƙa musayar raguna da bunsuraye tsakanin ƙauyuka kafin su kai ga 'ya'yansu, Sifawa ta ba Shagari, Shagari ta ba Sifawa. Gudali tsantsa a ware masa garke, kada allura ta taɓa shi.

Ku kuma 'yan uwana likitoci, in aka kawo muku karyar buldog da naƙuda ta gagara, ku ceci ranta, wajibi ne. Amma ku gaya wa mai ita gaskiya a fili, ku nemi izininsa ku cire mahaifar a tiyatar nan, ko da hakan na nufin ba zai dawo muku da kuɗin tiyata ta biyu ba.