Ziyarar Mahaifa da Haƙƙin Zumunta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Ya ku 'yan'uwa masu saurare, goman ƙarshe ta kama, motoci sun soma cika daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. Wani ya shekara goma bai taka garin da aka yanke masa cibiya ba. In ya iso, sai ya zaga Birni da Zango, ya ɗauki hoto a ƙofar fada, ya kalli hawan salla, ya juya. Kallo bai haramta ba. Garin da ya kasance babban birnin ƙasar nan har 1926 ya isa a gani.

To amma, ya kai ɗan'uwa, gwaggon da ta goye ka tana nan cikin lungu, ido ya tafi, tana sauraron sallamarka. Fada tana nan har baɗi. Tsohuwa kuwa, wa ya yi maka alkawarin tarar da ita?

Ka fara da gidanta. Ka kai wa matalautan dangi zakkar fidda kai kafin sallar idi. Ka ziyarci kushewar iyayenka. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa sada zumunci yana yalwata arziki, yana tsawaita kwana. Zumunta a ƙafa take.

Allah Ya karɓi azuminmu, amin.