Cikin Garin Daura: Abin da Za Mu Nema a Kasafin Kuɗin Jiha

Shugaban wannan reshe na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka yi ritaya amma ba su yar da mu ba, 'yan uwana malamai maza da mata.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan batun da ba ya cikin manhaja, wato halin da tsohon garin Daura da gidajensa suke ciki, da yadda za mu nemi gwamnatin jiha ta sa kuɗi a gyara. Wani zai ce mene ne haɗin malamin firamare da kwata da lambatu. Rajistar kiran suna ita za ta ba shi amsa. Ku duba ta a watan Yuli, ku sake dubawa idan an dawo hutu a Satumba, ku tambayi yaran da suka daina zuwa inda suka koma. Za ku ji an ce ɗaki ya faɗi, an raba su gidajen dangi.

Ba wanda zai yi musun cewa Daura ta sami rabo tsakanin 2015 da 2023, lokacin mulkin marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, an kafa Jami'ar Sufuri, an gina asibitin sojojin sama, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta nan. Muna godiya. Sai dai akasarin waɗannan ayyuka a gefen gari suka sauka, inda ake da fili. Abin da suka jawo wa cikin gari shi ne baƙi, ɗalibai da ma'aikata, kowa yana neman ɗaki, kuɗin haya ya tashi, filaye suka yi tsada. Lungunan Kusugu da Sarkin Yara da Ubandawaki kuwa suna nan yadda muka san su muna yara, sai ma ƙarin jama'a da ƙarin ledar da ke toshe hanyar ruwa. Gwamnatin tarayya ba ta haƙa kwatar lungu. Wannan aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma can ya kamata mu kai kukanmu.

Bari in ɗan tsaya a kan ruwa, domin nan ne tushen matsalar. Ginin ƙasa ba shi ne abin zargi ba. Kakanninmu sun yi gini da tubali da azara, suka shafe soro da makuba, suka sa indararo ya jefa ruwa nesa da bango, kuma kowace shekara kafin damina a sake yaɓe. Inda suka ɗebi ƙasar ginin ya zama kududdufi, shi kuma ya riƙa shanye ruwan unguwa. Tsari ne cikakke, ko da ba a rubuta shi a takarda ba. Yau an cike kududdufai da dama da shara, wasu an yi gini a kansu. An ɗaga tituna sun fi daɓen gidaje tudu, ruwan da ya sauka a kwalta sai ya gangara zaure. Ruwan sama ba ya kayar da katanga daga bisa, gindinta yake ci a hankali, kwana da kwanaki yana kwance, har ranar da za ta zube cikin dare. Wanda ya sami 'yan kuɗi ya shafe bangon ƙasa da siminti yana zaton ya huta, alhali ya kulle danshi ne a ciki. Saboda haka duk wanda ya ce zai raya cikin gari bai fara da magudanan ruwa ba, kwalliya kawai ya yi.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta shigo da shirin sabunta birane, kuma ta ambaci Daura tare da Katsina da Funtua. Abin yabawa ne. Amma idan aka ce sabunta birni, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar injiniya da ɗan kwangila shi ne titi mai hannu biyu da fitilu, domin shi ake gani, shi ake yanke wa ƙyalle. Kwatar da ta ratsa bayan gidaje ba ta da hoto mai kyau. Idan ba mu buɗe baki ba, ba za ta shiga lissafi ba, kuma ba don mugunta ba, sai don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da ya kamata mu yi hattara da shi, kada garin neman gira mu rasa ido. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe wuri domin amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta ginin da ke kan fili ce, ba ta filin kansa ba. To, ku auna gidan gado na ƙasa, mai mutum ashirin ko talatin, wanda ba shi da takarda sai shaidar mai unguwa da maƙwabta. Nawa za a ƙiyasta shi? Abin da za a bayar ba zai sayi fuloti a bayan gari ba, balle ya gina shi. Idan faɗaɗa hanya ya zama dole a wani wuri, to a fara tsugunar da mutane kafin katafila ta iso. Garin da baƙi ke zuwa su ga rijiyar Kusugu da fadar Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruk Umar, su kalli hawan Sallar Gani, darajarsa tana tare da mutanen da suka gaji zama a kewayen waɗannan wurare.

Mu malamai ma abin ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikinmu a haya muke, wasu kuma kullum suna kan babur daga Daura zuwa ƙauyukan Sandamu ko Mai'aduwa ko Zango saboda babu wurin kwana kusa da makaranta. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana ba da rance ga mai zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, amma sai ya kawo takardar mallakar fili, kuma rancen yana da kuɗin ruwa, abin da da yawanmu ba za su taɓa ba. Abin da zai amfane mu shi ne jiha ta sauƙaƙa samun takardar mallaka ga tsofaffin gidaje, ta kuma ware rance maras ruwa na gyaran gida, ƙarami, wanda za a riƙa cira daga albashi kaɗan kaɗan. Ba rukunin gidaje masu tsada a nesa da gari muke roƙo ba, irin waɗanda malami mai mataki na bakwai ba zai iya ko kuɗin ajiyarsu ba.

Yaya ake neman kuɗin gwamnati? Ba da ƙorafi a majalisar shayi ba. Gwamna yana kai kasafin shekara mai zuwa gaban Majalisar Dokoki ne a watannin ƙarshen shekara, kuma kafin nan ma'aikatu sun riga sun tattara bukatunsu. Abin da bai shiga takarda ba a wannan lokaci, sai wata shekara. Muna da ɗan majalisa mai wakiltar Daura a Katsina, muna da kansiloli a mazaɓu 11, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi, muna da hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukuma nasa kason aikin. Abin da ba mu da shi shi ne rubutaccen bayani: lungu kaza, tsawon kwata kaza, gidaje kaza da suka faɗi bara, yara kaza da suka rasa makaranta a dalilin haka.

Wannan kuwa sana'armu ce. Mu ake ɗauka aikin ƙidaya, mu ake ɗauka aikin zaɓe, kuma babu unguwar da ba mu da ɗalibi a cikinta. Shawarata, ya Shugaba, ita ce kowace makarantar da ke cikin gari ta fitar da malamai biyu, namiji da mace, domin mace ce za ta iya shiga cikin gida ta ga ɗakin da ya tsage. Su zagaya tare da mai unguwa da wani tsohon magini, su rubuta abin da suka gani ba ƙari ba ragi. Reshe ya haɗa rahoton wuri ɗaya, mu fara kai shi fada domin neman albarka da goyon bayan masarauta, sannan kwafi ya tafi ga ɗan majalisarmu, da ƙaramar hukuma, da ma'aikatar da ke kula da filaye da tsara birane. Ina roƙon a sa wannan cikin ajandar zama na gaba, a kuma tsayar da ranar da kowace makaranta za ta miƙa nata.