Jini a Fitsarin Yaro Ba Alamar Girma Ba Ne

Mutanen Tsibirin Gobir, na Jiratawa, na cikin birnin Maraɗi har zuwa Madarumfa, ina gaisuwa. Uwargida da ke tankaɗe, ɗan kabu-kabu da ya tsaya wurin mai shayi, ku ɗan ara mini kunne.

Tun da gulbi ya kawo, tabkuna suka cika, kiran da muke samu daga masu saurare kusan iri ɗaya ne. Uwa ta ga jan tabo a wandon ɗanta, ta faɗa wa maigida, ya ce a ƙyale shi, girma ne ya zo, shi ma haka ya yi yana yaro. Wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce tonka ce ta yi masa yawa.

To ku ji ni da kyau. Ɗa namiji ba ya jinin balaga. Yaron da jini ke biyo ƙarshen fitsarinsa, a ɗauka tsargiya ce har sai likita ya duba ya ce ba ita ba ce.

Tsargiya tsutsa ce. Wani likita ɗan Jamus, Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851, shi ya sa a takardar likita za ku ga an rubuta sunan ciwon da sunansa. Mai ciwon in ya yi fitsari cikin tabki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙananan katantanwar nan da ke manne a ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan makonni sai ƙwayoyin su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, kuma sun fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da yaranmu ke tsalle cikin ruwa. Ba sai an sha ba. Ta fata suke shiga. Su bi jini, su girma, su zauna cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Kowane ƙwai da tsininsa kamar ƙaya. Shi ke huda mafitsara, jinin nan da kuke gani daga rauni yake fitowa.

Wanda hankalinsa ya tafi wani wuri, in sake faɗa: rauni ne, ba girma ba ne.

Wata baiwar Allah ta kira mu, ta ce ɗanta ya shekara biyu yana haka. Tun yana ɓoyewa har ta lura ya daɗe tsugune bayan ɗaki yana cije baki. Tafin hannunsa ya yi fari, a lakwal barci yake yi, mushe na cewa ragwanci ne. Da aka kai shi likita, kwalba ɗaya ta fitsari ta warware zancen. Haba iyaye maza! Akuya ta ƙi kiwo kwana ɗaya, kun nemo mai allurar dabbobi. Ɗanku na zubar da jini, kuna cewa ku ma kun yi. Kun yi, amma kun san abin da ya bari a jikinku? Jinin kan ɗauke in an girma, sai a ce an warke, alhali ƙwan na nan ya taurara mafitsara. Daga nan ake samun toshewar hanyar fitsari, da lalacewar ƙoda, har da sankarar mafitsara.

Mata kuma, masu wanki da wanke-wanke a bakin tabki, da masu shiga hanyoyin ruwa na fadamar Jiratawa, ku ma tana kama ku. Ciwon mara, ƙaiƙayi, zubar jini bayan kwanciyar aure, a yi ta shan maganin sanyi ba sauƙi, wata har haihuwa ta gagara. Ki gaya wa ungozomar likita cewa kina shiga ruwan tabki.

Maganin yana nan, sunansa furazikwantel. Tun 2004 Nijar ke raba shi kyauta ga yara, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai jikinsa. Ranar rabo ku ba yaro koko ko tuwo tukuna, don in ciki wayam ne yakan sa jiri da tashin zuciya. Wannan na wucewa. Kada ku ɓoye yara. Mai jini a fitsari kuma kada ya jira rabo, a kai shi yau, an fi ganin ƙwan a fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Maganin na kashe tsutsar da ke jiki, amma wanda ya koma tabki zai sake ɗauka. A daina fitsari cikin ruwa. In dole ruwan tabki za a yi wanka da shi, a ɗebo a ajiye ya kwana biyu.

Ƙasar nan ta rabu da kurkunu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013. Wannan ma za mu iya.

Lokaci ya kore ni. Masu tambaya kan makero a kan yara: naman gwari ne, shafawa kaɗai ba ta isa, sai ƙwayoyin sha na makonni daga likita, kada a zuba ruwan batir, kuma kowane yaro da rezarsa wurin wanzami. Tsutsar ciki: a wanke hannu da sabulu, a sa wa yara takalmi, a karɓi maganin in an zo rabo.

Amma yau da daddare, baba, ka kira ɗanka gefe ka tambaye shi ko yana ganin jini. In ya ce e, gobe da hantsi sai likita. Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana zuri'a.