Sauya Iska a Ƙarƙashin Teku: Kwamfuta Ba Ta Ganin Bakinka



A Dahab, gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Masar, akwai wani rami a teku da ake kira Blue Hole. Ƙofar da ke cikinsa tana zurfin da ya haura mita 50, kuma ta ci rayukan masu nutso da yawa. Mai zuwa irin wannan zurfi ba ya dogara da tukunyar iska ɗaya. Dalili kuwa shi ne matsi: kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsin ba (bar) 1 a kan wanda muke ji a doron ƙasa. A mita 60 matsin ya kai ba 7. Iskar da muke shaƙa a wannan zaure, mai kashi 21 na oksijin, a can naitirojin ɗinta yana bugar da mutum kamar ya sha barasa. Saboda haka ake haɗa wata iska mai hiliyam, a ce oksijin kashi 18, hiliyam kashi 45.

Wahalar tana wajen hawowa. Jiki ya ɗibi gas, dole a fitar da shi sannu a hankali ta hanyar tsayuwa a kan hanyar hawowa. A mita 21 mai nutso zai koma tukunya mai kashi 50 na oksijin, a mita 6 kuma oksijin zalla. Kwamfutar da ke ɗaure a hannunsa ita ke lissafin tsayuwa, galibi bisa tsarin Albert Bühlmann na Zurik, wanda ya kasa jiki gida 16.

To, nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Kwamfutar ba ta san tiyon da ke bakinka ba. Abin da ka latsa, shi take gaskatawa. In ka sauya a baki ka manta da ita, za ta tsawaita maka tsayuwa, iska ta yi ta ƙarewa a banza. In kuwa ka latsa mata oksijin alhali kana zuƙar iskar zurfi, za ta sallame ka da wuri, gas ya yi kumfa a jini, gaɓoɓi su ɗau ciwo, wani ma ya shanye.

Mafi muni shi ne ɗaukar tukunyar da ba ita ba. Tun 1878 Paul Bert ya nuna oksijin mai yawan matsi yana jawo farfaɗiya. Iyakar matsin oksijin da ake kiyayewa lokacin tsayuwa ita ce ba 1.6. Wanda ya zuƙi oksijin zalla a mita 21 ya kai 3.1. Farfaɗiya a cikin ruwa kuwa tana fizge abin zuƙa daga baki, mutum ya shaƙi ruwa.

Shi ya sa nake tsananta wa ɗalibai kan tsari. Ka auna iskar kowace tukunya da kanka tun kana tudu, ka rubuta iyakar zurfinta da manyan lambobi. A ruwa, ka tsaya cak, ka duba zurfi, ka bi tiyo da hannu har tukunyarsa, ka nuna wa abokin nutsonka lambar, ya amsa da alama. Sannan ka buɗe, ka zuƙa, ka latsa kwamfuta, ka duba fuskarta ka tabbatar ta karɓa. Shi ma in nasa lokacin ya zo, idonka na kan lambar tukunyarsa har ya gama.