Ragowar Kuɗin Kasafi da Rububin Disamba



Kaɗan ne garuruwan Arewa da suka kai Zariya yawan ma'aikatun tarayya. Daga gadar Kwangilar nan, in ka miƙa Samaru ga Jami'ar Ahmadu Bello, gaba kaɗan ga asibitin koyarwa na Shika, ga kuma kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a kan hanya. Kowacce da kasonta a kasafin shekara. Tambayata a yau: in shekara ta ƙare kuɗi bai ƙare ba, ina sauran yake zuwa?

A ƙa'ida, ran 31 ga Disamba ake rufe littafi, abin da ya rage ya koma baitulmali. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsaya kai da fata a kan haka. Shi ya sa a Maris 2008 ministar lafiya, Farfesa Adenike Grange, da ƙaramin ministanta Gabriel Aduku suka ajiye aiki, bisa zargin an yi watanda da naira miliyan 300, ragowar kasafin 2007. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta sallami ministar. A 2015 kuma gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai-ɗaya a Babban Banki, aka daina ɓoye ragowa a bankunan kasuwa ana cin ruwanta.

Ina goyon bayan wannan duka. Amma ku zo mu shiga ofis.

Na taɓa aiki a wata ma'aikata da ba a sakar mata kuɗin ayyuka ba sai ƙarshen Nuwamba. Wata goma muna zaman jira, rufin ɗakin ajiyar takardu yana yoyo, mun jera bokitai a kan fayil-fayil. Da kuɗin ya iso, akanta ya ce da ni, "Malam, gyaran rufi sai an tallata kwangila, kwanakin ba za su kai ba. In muka mayar kuma, baɗi a rage mana." Kujeru aka saya, da labule, aka shirya bita ta kwana uku a otal. Ba wanda ya saci kwabo. Damina ta dawo, muka ƙaro bokiti. Har yau abin yana ci mini rai, domin mutumin kirki ne akantan nan, tsarin ne ya matse shi.

Laifin farko na mai sakin kuɗi a makare ne. Majalisar Tarayya ta san da haka, shi ya sa take ta ƙara wa'adi: ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 an ja shi zuwa Yunin 2025, aka sake ja zuwa Disamba. Sai ka ga kasafi biyu suna tafiya lokaci guda, mai bincike ya rasa wanne ya gina wace rijiya.

Akwai hanyar da ta fi, kuma malaman jami'a da ke zauren nan sun san ta. Kason da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ke ware wa makaranta ba ya mutuwa da shekara. Ana iya haɗa na shekara biyu ko uku a yi gini guda mai kyau, a biya ɗan kwangila kashi-kashi bayan an duba aiki. Me zai hana asibiti ya samu irin wannan dama a kan aikin da aka riga aka fara, da sharaɗin ya liƙa lissafin a allon sanarwa na bakin ƙofa?

Ku matasan unguwa, takardar lissafin nan nake so ku riƙa nema. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku ikon tambaya a rubuce, ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa. Ku rubuta a watan Janairu: nawa aka ware, nawa aka sako, yaushe aka sako, nawa aka mayar.